Na kashe janareto da sola, to hayaƙin ya ragu kuwa?

Sani Tela, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo ta nan masu ilimin abin su warware mini. Wata goma sha huɗu ke nan da na sa sola a shagona. Kafin nan ɗan janareto nake tayarwa saboda kekunan ɗinki biyu da fanka da fitilu, lita huɗu a rana, kwana shida a mako. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa dubu, sai ya zama janareto nake yi wa ɗinki. Ina da babur da ya zauna tun da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022, yaron da ke ja mini ya koma gida. Na sayar da shi, na ƙara da kuɗin adashe, na sayi farantin sola huɗu da inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta layi, da batir biyu. Yanzu janareton yana lulluɓe da buhu a bayan shago.

Jiya a majalisa na ce ko ba komai na rage hayaƙin da ake cewa yana ɗumama duniya. Sai wani dattijo ya ce kada in yaudari kaina, wannan zancen Turawa ne, farantina huɗu ba su rage komai ba, kuma kuɗin da ake cewa ana zubawa a makamashi mai tsafta a takarda kawai suke. Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Injiniya Bashir, Ojo:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Lissafi ne mai sauƙi, ɗauko biro. Duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.3, ta gas ɗin manyan injina kuma kusan kilo 2.7. Kada nauyin ya ba ka mamaki, man yana haɗuwa ne da iskar da ke sarari wajen ƙonewa, shi ya sa hayaƙin ya fi man nauyi. Lita 24 kake ƙonawa a mako, a shekara lita 1,248, wato kilo dubu biyu da ɗari takwas da wani abu. Kusan tan uku ke nan. In aka raba hayaƙin man da ake ƙonawa a Nijeriya a kan kowa da kowa, kason mutum ɗaya bai fi rabin tan da ɗan ɗoriya ba a shekara. Ka ga shagonka shi kaɗai yana fitar da na mutum huɗu ko biyar. Ka rage, kuma ragi na gaske.

Za a ce ai wajen ƙera farantin ma an fitar da hayaƙi a masana'antar Chana. Haka ne. Amma cikin shekara ɗaya zuwa biyu faranti yake biyan wannan bashin, alhali mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki.

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni ina bayan dattijon nan. Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Chana ita kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku take fitarwa. Ba'amurke ɗaya yana fitar da sama da tan 13 a shekara. Turawa ne suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka gina ƙasashensu, yanzu kuma a zo a ce wa tela a Agege ya sayar da babur ɗinsa don ya ceci duniya? Sani ya yi dabara don aljihunsa, na yaba masa. Amma kada a shafa mana kashin kaji.

Maryam, Akoka:
Baba Alhaji, alƙalumanka daidai ne, kuma babu mai hankalin da zai ce laifinmu ɗaya da nasu. Abin da ke damuna shi ne wutar da wasu suka kunna mu take ƙonawa. Tafkin Chadi ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin ɗari daga shekarun 1960. Dangin mahaifiyata suna Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, kwana uku ba mu ji ɗuriyarsu ba. Na san akwai rashin gyara a ciki, ba ruwan sama kaɗai ba ne, amma irin wannan mamakon ruwa masana sun daɗe suna cewa zai ƙaru. Nan Legas ma da muke zaune, a bakin teku take, kuma tekun yana tasowa.

Sannan hayaƙin janareto ba ya jiran ya je sama kafin ya yi ɓarna. Sau nawa muke jin an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki saboda an shigar da janareto ciki don tsoron ɓarayi? Wannan ba zancen Turawa ba ne.

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12:
'Yata, Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na yarda da maganar lafiya. Tambayata tana nan: ina kuɗin? Tun a taron sauyin yanayi na Kofenhagen a 2009 manyan ƙasashe suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara, ba su cika ba sai 2022, mafi yawa kuma bashi ne. A Baku a 2024 suka ce biliyan 300. Marigayi Buhari ya je Gilasgo a 2021 ya ce nan da 2060 Nijeriya za ta daina ƙara hayaƙi. Daga wannan rana zuwa yau, janareto nawa aka kashe a kasuwarmu da wannan kuɗin? Ni dai ban ga ko ɗaya ba. Kuma har gobe ana ƙona iskar gas a banza a Neja Delta dare da rana, harshen wuta ɗaya ya cinye ƙoƙarin teloli dubu.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Ku bari in sa baki, don ni abin ya shafa kai tsaye. Ƙanƙara nake sayarwa da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ni. In aka ɗauke wuta kwana biyu, ko in sayi mai ko in zubar da kunu, kunun aya kuwa kun san ba ya kwana. Ranar Talatar da ta wuce robobi arba'in na tuttular a kwata da hannuna, yarana suna kallo. Na je na tambayi kuɗin solar da za ta ɗauki firiza biyu, abin da aka faɗa mini ya fi jarina gaba ɗaya. Ko da na samu kuɗin ma, gidan haya nake, mu goma sha ɗaya a gida ɗaya, mai gidan ya ce babu mai hawa masa kwano ya huda. Malam Sani, kai ka yi sa'a mai shagonka ya yarda.

To ku da kuke lissafin tan-tan, ni nawa nake fitarwa? Na fi Sani ƙona mai. Ina so in daina, ba don Gilasgo ba, don ƙirjina da yake mini zafi da kuma ribata. Wa zai ba ni?

Usman, Obalende:
Hajiya, tambayarki ita ce muhawarar gaba ɗaya. A harkar kuɗi nake aiki, bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu.

Janareto da sola bambancinsu lokacin biya ne. Janareto yana da arha ranar saye, sai ya riƙa cin ki kullum. Sola kuwa kuɗin wutar shekara goma ko ashirin take nema a dunƙule rana ɗaya, bayan nan rana kyauta ce. Saboda haka duk inda bashi yake da tsada, sola tana da tsada, ko da farantin ya yi arha. Kuma ya yi arha ɗin, farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Amma a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5, ɗan kasuwa kuwa sai ya biya 30 ko fiye. Bature a Jamus, inda rana ba ta kai rabin ƙarfin ta Sakkwato a lokacin sanyi ba, yana samun bashin da kuɗin ruwansa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Ga kuma naira: wanda ya kawo dala lokacin tana 460 ya zuba a tashar sola, yana karɓar kuɗin wuta da naira, ya wayi gari dala ta kai 1,500, ya za a yi ya mayar da uwar kuɗinsa? Shi ya sa Afirka take da kusan kashi 60 na wuraren da suka fi kyawun rana a duniya, amma abin da ke zuwa mata cikin jarin makamashi mai tsafta bai wuce kashi 2 ba.

Alhaji, amma ba za a ce ba a yi komai ba. A Disambar 2017 gwamnatin Nijeriya ce ta fara fitar da takardun lamuni na kare muhalli a cikin gwamnatocin ƙasashen Afirka, naira biliyan 10.69, ta sake na biliyan 15 a 2019. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. An buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023. An sa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don ƙananan tashoshi da solar gidaje. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 2016 an sa hannu da kamfanoni 14 za su gina manyan tashoshin sola na megawat 1,125, yawancinsu a arewa, aka yi ta jayayya kan farashi da wanda zai tsaya wa bashin, ba a gina su ba. Shirin gwamnati na sauya makamashi na 2022 da kansa ya ce ana buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara. Ka gwada wannan da biliyan goma na naira, ka ga tazarar.

Malam Habu, Agege:
Malam Usman, jazakallahu khairan da wannan bayani. Akwai abin da ba ka taɓo ba, kuma shi ne ke hana mutanenmu da yawa. Ko da an sauke kuɗin ruwan zuwa kashi biyar, Hajiya Rabi ba za ta karɓa ba, ni ma ba zan ba ta shawarar ta karɓa ba. Amma shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Banki ko ƙungiya za ta iya sayen kayan ta sayar mata da riba sananniya, ta biya kaɗan-kaɗan, wannan murabaha ce. Ko a ba ta haya har ta mallaka. Gwamnati ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi, Indonesiya kuma ta fitar da sukuk na muhalli a 2018. Me zai hana a yi irinsa don kasuwanni? Hadisi ya zo cewa idan alƙiyama ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa. Saboda haka ba na ganin ƙanƙantar kasonmu hujja ce ta naɗe hannu.

Injiniya Bashir, Ojo:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ba ya yi wa sana'ata daɗi. Ba kowane faranti da aka ɗora a kan kwano ne yake rage hayaƙi ba. Abin dubawa guda ne: me ya kashe?

Na sa wa wani bawan Allah sola babba a gidansa. Wata uku na koma dubawa, na tarar ya ƙaro na'urar sanyaya ɗaki biyu da injin ɗumama ruwa, tunda a ganinsa wuta ta zama kyauta. Batir ba ya kai ƙarfe ɗaya na dare, sai maigadi ya tayar da babban janareto har asuba. Man da yake sha bai ragu da komai ba, faranti goma sha shida suna sama. A takardar masu ba da tallafi za a rubuta an ƙara kilowat kaza na makamashi mai tsafta, a sararin sama kuwa babu abin da ya canza. Na Sani huɗu ne kacal, amma sun sa an lulluɓe inji da buhu.

Haka in ka kai sola ƙauyen da bai taɓa ganin wuta ba. Alheri ne babba, yara za su yi karatu, za a ajiye allurar rigakafi, kuma na fi son wannan aikin a kan kowane. Sai dai kabon ɗin da ya ragu kaɗan ne, don da ma ba sa fitarwa. Inda ragin yake da yawa shi ne irin Legas, inda kowane shago da injinsa. Wutar layi da ƙasar nan take rabawa ba ta cika wuce megawat dubu huɗu zuwa biyar ba, mafi yawanta daga gas kamar tashar Egbin ta Ikorodu mai megawat 1,320, saura daga ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Ko wannan wutar gas ɗin ta fi ɗan janareto tsafta nesa ba kusa ba, don ƙaramin inji yawancin mansa zafi da ƙara yake zama. Da wutar layi za ta tsaya awa ashirin a Idi-Araba, hayaƙin Hajiya zai faɗi ko ba ta sayi faranti ɗaya ba.

Kuma a gaya wa mutane gaskiya: ranar Legas ba ta Katsina ba ce. A Yuni da Yuli sai a yi kwana uku gari a lumshe. Duk wanda ya auna maka kaya da ranar Janairu ya cuce ka.

Sani Tela, Agege:
Wallahi haka ne Injiniya, a Yulin bara sau biyar na buɗe buhun nan. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, dutsen gugata na gawayi ne har yanzu, inbata ba ta ɗaukar na wuta. Buhun gawayi ɗaya nake ci a wata. Wannan fa, yana cikin lissafi?

Maryam, Akoka:
Yana ciki Yaya Sani, kuma a ƙasa baki ɗaya yana da nauyi ƙwarai. Yawancin gidajen Nijeriya da itace ko gawayi suke girki. Gawayin da ke shigowa Legas bishiyoyin Oyo da Kwara da Neja ne, an sare abin da ke shanye kabon, an kuma ƙona shi. Duk lokacin da gas ɗin girki ya yi tsada, mata komawa gawayi suke, a unguwarmu na gani da idona. Gas ba makamashi mai sabuntuwa ba ne, amma tukunyar gas a hannun mai tuwo-tuwo ta fi mata da dajin alheri. Masu zuba jari daga waje da yawa ba sa son jin sunan gas ko kaɗan, a nan kam ina ganin Baba Alhaji yana da gaskiya, ba su san murhunmu ba.

Isiyaku, Ikorodu:
Salamu alaikum manya. Ni jari-bola nake yi, ban yi boko mai zurfi ba, amma akwai abin da nake gani kullum. Batiran sola masu ruwa ɗin nan, shekara biyu ko uku sun mutu, wurinmu suke dawowa. Da can na mota muka sani, yanzu na sola sun yi yawa. Yara suna fasa su da adda, su zubar da ruwan a ƙasa, a kai dalmar wajen masu narkarwa ta Ogijo. Ku je ku ga unguwar, ƙura baƙa a kan kwano da ganyen bishiya, an sha gwada jinin mutanen wurin a samu dalma. Wani ƙanena ya yi wata takwas yana fasawa, hannunsa duk ya ci, ciwon ciki ya hana shi aiki, sai gida muka mayar da shi. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In za a kawo kuɗi don faranti, a kawo na inda mataccen batir zai je.

Injiniya Bashir, Ojo:
Isiyaku, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka faɗi abin da mu masu sakawa muke kawar da kai a kansa. Batirin litiyam yana kai shekara takwas zuwa goma, babu dalma a cikinsa, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa, sai talaka ya sayi mai ruwa sau uku a tsawon rayuwar guda ɗaya. Maganar Malam Usman ce ta sake dawowa. Kuma mai aikin rana kamar tela ko mai niƙa, in aka tsara masa da kyau, batir kaɗan yake buƙata, don lokacin da rana take bugawa lokacin yake aiki.

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12:
To na saurara. Ban janye maganata kan manyan ƙasashe ba, bashi ne a kansu. Amma Isiyaku da Hajiya sun sa na tuna namu. Motar tumatir tana tasowa daga Kadawa ko Ɗanja, kwana biyu ko uku a hanya tana shan gas, ta iso nan a sauke, in kasuwa ta yi sanyi kwando nawa muke zubarwa kafin la'asar? An ƙona mai wajen ban ruwa, an ƙona a hanya, a ƙarshe a kwashe ruɓaɓɓe a kai bola irin ta Olusosun. Maryam, ke kika taɓa gaya mana ruɓaɓɓen kaya ma yana fitar da wata iska da ta fi hayaƙi ɗumama gari. In akwai ɗakin sanyi mai sola a cikin kasuwa, ana biyan kuɗin kwando a kwana, ni zan fara sa kayana. Kwanon rumfuna kuwa muna da shi, babu mai gidan da zai hana. Malam Usman, irin wannan masu kuɗin suna saurara?

Usman, Obalende:
Suna saurara Alhaji, sun ma fi son irinsa, don ƙungiyar kasuwa tana da shugabanni da rajista, an san inda za a same ta. Abin da za su fara tambaya shi ne rubutu: kwando nawa ke shigowa, nawa ke lalacewa, lita nawa ake ƙonawa a rana. Mutanenmu ba sa rubutawa, shi ya sa ake tsallake mu. Ku sa yaro ɗaya ya riƙe littafi na wata uku, har da lokacin damina, sai mu zauna da Malam Habu a ga yadda za a tsara shi ba da ruwa ba.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Ni kuma fa? Kun koma kan tumatir kun bar ni da firizata.

Injiniya Bashir, Ojo:
Ba a bar ki ba Hajiya. Akwai firizar da aka ƙera don sola, ba ta bi ta inbata, faranti biyu ko uku suna riƙe ta, kuma ana iya kafa su a kan ƙarfe a tsakar gida ko saman rumfarki ba a taɓa kwanon mai gida ba. Wataƙila ɗaya za ki fara canzawa, ta kunun aya, ta ƙanƙarar ta jira. Ki sa yaro ya ja firizojin ya ɗauko mini hoton 'yar takardar da ke manne a bayansu, da kuma hoton tsakar gidan da misalin ƙarfe goma sha biyu na rana, in ga inda inuwa take faɗawa.

Sani Tela, Agege:
Hajiya, adashenmu na teloli zai sake zagayowa bayan Sallah, akwai gurbin mutum biyu. In kina so in yi wa uwar adashen magana a sa ki a farko-farko.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Ka yi mata magana ɗan'uwana, Allah ya saka. Injiniya, yau hadari ya rufe gari, gobe in rana ta fito zan turo hotunan.